Yadda za ka bi tarihi da sakamakon ƙaramin kulob a Ingila, mu ɗauki FC United of Manchester

Jama'a masu Man United, akwai wani kulob a cikin garin Manchester ɗin nan da mafi yawanmu ba mu taɓa cin karo da shi a talabijin ɗin gidan kallo ba, sunan shi FC United of Manchester, kuma 'yan uwanku ne magoya bayan United suka kafa shi da kuɗin aljihunsu a 2005. Ni dai gaskiya ina son kulob ɗin nan sosai kuma ina so mutanenmu su iya bin shi, amma bin irin wannan kulob ba ɗaya yake da bin Arsenal ko Madrid ba, in ka buɗe teburi kawai ka ga suna na tsakiya a wani rukuni da ba ka taɓa jin sunan shi ba za ka ce ai wannan ba komai ba ne ka rufe waya. Teburi shi ne abu na ƙarshe da za ka duba, akwai abubuwan da sai ka san su tukuna lambobin za su yi maka magana.

Fara da tsanin, wato a wane hawa kulob ɗin yake. A Ingila Firimiya ce hawa na 1, Championship na 2, League One na 3, League Two na 4, sai National League na 5. Daga nan abin ya rabu shiyya shiyya saboda ƙananan kulob ba su da kuɗin motar da za su riƙa keta ƙasa duk sati, hawa na 6 akwai na arewa da na kudu, hawa na 7 kuma a nan ne Northern Premier League take, kuma a babban rukuninta FC United suka buga wasa tun 2019 har zuwa ƙarshen kakar 2024-25. Haka abin yake ta sauka har hawa na 9 da na 10 da ƙasa da haka. Duk hawan nan a haɗe suke, wanda ya ci rukuninsa ya hau, wanda ya ƙare a ƙasa ya faɗo, kamar dai yadda Kano Pillars suka faɗa NNL, rukuni na biyu na Najeriya, a 2022 suka dawo a 2023, sai dai su can tsanin ya fi tsawo nesa ba kusa ba. A rukunin da FC United suke kulob 22 ne, na ɗaya shi kaɗai yake haurawa kai tsaye, na 2 zuwa na 5 sai sun buga wasan cike gurbi a tsakaninsu ɗaya ya bi shi. Riƙe wannan maganar ta wasan cike gurbi da kyau don za ta dawo, ita ce ta fi ba wa kulob ɗin nan ciwon kai a tarihinsa.

Sai ka san su waye 'yan wasan. A wannan hawan yawancinsu ba ƙwallo ce sana'arsu kaɗai ba, ana biyan su ɗan abin da ba a rasa ba duk sati amma da safe kowa yana da wurin aikinsa, wani malamin makaranta ne wani mai gyaran famfo wani direba wani yana aikin gini, atisaye da daddare ake yi kamar sau biyu a sati. Ka ɗauki wasan daren Talata a waje, mutum ya tashi daga aiki wajen ƙarfe 5 da jakar takalmansa a bayan mota, ya kama hanya cikin cunkoso da sanyi da ruwan sama zuwa wani gari mai nisan awa biyu, ya ci ɗan abin da ya samu a hanya, a take wasa 7:45, a tashi wajen 9:40, ya yi wanka ya kamo hanya ya iso gida tsakar dare, da sassafe kuma yana wurin aiki. To in ka ga kulob ya ci wasa ranar Asabar da 3 da nema sannan ranar Talata an doke shi a waje, kafin ka ce koci bai iya ba duba nisan garin da kuma su wa suka samu damar zuwa. Kuma kar ka raina hawan, Jamie Vardy ya buga wannan rukunin da Stocksbridge Park Steels sannan da FC Halifax Town kafin ya je Fleetwood, daga can Leicester suka saye shi fam miliyan 1 a 2012.

To yanzu tarihi. Shawarata kar ka fara da kofuna, fara da tambayar me ya sa aka kafa kulob ɗin, don a ƙananan kulob amsar wannan tambayar ita take bayyana kusan duk abin da suke yi daga baya har da abin da za ka ga kamar wauta ce. A watan Mayu 2005 Malcolm Glazer, attajirin Amurka mai ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta ƙwallon Amurka, ya karɓe Man United a cinikin da ya kai wajen fam miliyan 790, kuma babban kaso na kuɗin bashi ne da aka juya aka ɗora wa kulob ɗin a ka, kulob ɗin da a da ba a bin shi bashi. Dama can magoya baya sun daɗe suna ƙorafi, tikiti yana ta tsada, gidajen talabijin suna canja lokacin wasa yadda suka ga dama, kuma a 1999 sun taɓa yin nasarar hana kamfanin BSkyB na Rupert Murdoch sayen kulob ɗin, amma a wannan karon ba su iya hanawa ba. Sai wasu daga cikinsu suka ce to mu mun daina kai kuɗinmu Old Trafford, za mu kafa namu. Suna da misali a gabansu, AFC Wimbledon da magoya baya suka kafa a 2002, kuma mutanen Wimbledon ɗin sun ba su shawara. Hukumar FA ta ƙi yarda da sunan FC United zalla sai aka jefa ƙuri'a aka ƙara of Manchester, aka ɗauki Karl Marginson a matsayin koci, aka yi gwajin 'yan wasa inda ɗaruruwan mutane suka nemi shiga, wasan farko na sada zumunta suka yi da Leigh RMI a watan Yuli 2005 aka tashi babu ci.

Tsarin mallakar shi ne zuciyar abin. Ba mai kulob ɗin, membobi ne suke da shi, kamar ƙungiyar 'yan kasuwar layinku ce da kowa yake biyan kuɗin shekara kuma ranar zaɓe mai babban shago da mai tebur ƙuri'a ɗaiɗai suke da ita. Ko nawa ka zuba ƙuri'arka ɗaya ce. Membobi ne suke zaɓen shugabanni, su suke yanke kuɗin tikiti, kuma tun farko suka rubuta a dokarsu cewa ba za a manna sunan kamfani a gaban rigar wasa ba, shi ya sa za ka ga jar rigarsu fes babu talla. A 2009 har suka fito da tsarin tikitin kaka da mutum zai biya gwargwadon ƙarfinsa. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai a wurina, amma kuma dole a faɗi gaskiya yana da farashi, kuɗin da abokan hamayyarsu suke samu daga tallan riga ko daga aljihun wani attajiri su ba su da shi, kuma a fili ake ganin bambancin.

In ka gane wannan sai ka ɗauki takarda ko ka buɗe wurin rubutu a waya ka jera kaka kaka, shekara da rukuni da matsayin da aka ƙare. Akwai wani shafi mai suna Football Club History Database da yake jera irin wannan na kusan kowane kulob a Ingila, layi ɗaya kaka ɗaya, ba hoto ba komai don haka ba ya cin data. Na FC United zai nuna maka sun fara daga hawa na 10, rukuni na biyu na North West Counties League, suka cinye shi a kakar 2005-06, suka cinye na sama da shi a 2006-07, a 2007-08 suka ƙare na biyu suka haura ta wasan cike gurbi. Hawa uku a shekara uku. A lokacin aron fili suke yi a Gigg Lane na Bury, kuma a kakar farko 'yan kallo kusan 3,000 suke zuwa a rukunin da wasu kulob ɗin ko mutum 100 ba sa tarawa, ranar wasansu da Great Harwood Town a Afrilu 2006 mutum 6,023 ne suka shiga.

Daga 2008 kuma sai abin ya tsaya cak, shekara bakwai a hawa na 7. Wanda ya kalli jerin kawai zai ce sun lalace, amma ka duba da kyau, a 2011 sun kai wasan ƙarshe na cike gurbi Colwyn Bay ta doke su 1-0, a 2012 sun sake kaiwa Bradford Park Avenue ta doke su 1-0, a 2013 sun sake kaiwa Hednesford Town ta doke su 2-1, a 2014 kuma Ashton United ta cire su a wasan kusa da na ƙarshe. Shekara huɗu a jere suna bakin ƙofa ana rufe musu, wallahi ko kai ne sai zuciyarka ta karaya. Sai a 2014-15 suka ce ba ruwansu da cike gurbi suka cinye rukunin gaba ɗaya suka hau National League North, wato hawa na 6 na arewa. Shi ya sa nake cewa a jerinka ka ƙara wani gefe na wasan cike gurbi, don na 4 da ya kai wasan ƙarshe da na 4 da aka cire tun farko ba labari ɗaya ba ne.

Kofin FA kuma ka ware masa shafinsa daban, don a wurin ƙaramin kulob nan ne kuɗi da suna suke. Kulob na hawa na 7 sai ya ci wasa huɗu na share fage kafin ma ya kai abin da ake kira zagayen farko, inda 'yan League One da League Two suke shigowa. Babban daren FC United shi ne 5 ga Nuwamba 2010 a filin Rochdale, su Rochdale suna hawa na 3 wato hawa huɗu ne tsakani. FC United suka fara cin biyu, Rochdale suka farke duka biyun, an shiga mintunan ƙarin lokaci kowa ya sa rai sai an sake wasa, sai ƙwallo ta gangaro golan Rochdale ya faɗa kanta ya sa hannu, Michael Norton ya sa ƙafa ya fizge ta daga hannun nasa ya tura a raga, rafali ya ce ci ne, 3-2, magoya baya suka cika fili. Har gobe 'yan Rochdale suna cewa laifi ne kuma in ka nemi bidiyon a YouTube ka kalla za ka ga suna da abin faɗa. A zagaye na biyu suka je gidan Brighton, wadda ita ce ta cinye League One a waccan kakar, aka tashi 1-1 bayan golansu Sam Ashton ya kaɗe fenariti a ƙarshen wasa, da aka sake bugawa a Gigg Lane Brighton ta ci 4-0 a gaban mutum 6,731. Sun sake kai zagayen farko a 2015 Chesterfield ta ci su 4-1, da 2020 Doncaster Rovers ta ci su 5-1. Wasan Chesterfield ɗin ma an mayar da shi daren Litinin ne saboda talabijin, kulob ɗin ya nuna bai so ba kuma magoya baya suka yi zanga zanga, ka ga da ba ka san dalilin kafa kulob ɗin ba sai ka ce mutanen nan me ke damun su, an kawo musu kuɗin talabijin suna fushi.

Abu na gaba shi ne fili, a kowane ƙaramin kulob ka tambaya filin nasu ne ko haya suke, in nasu ne da wane kuɗi aka gina. FC United sun so ginawa a Newton Heath, unguwar da asalin Man United ta fito, amma maganar ta rushe a 2011, sai aka koma Moston. Filin da aka gina a can, Broadhurst Park, ya ci sama da fam miliyan 6, magoya baya da kansu suka tara wajen miliyan 2 ta hanyar sayen hannun jari na al'umma, sauran tallafi ne da rance, lokacin da aka buɗe shi yana ɗaukar mutum wajen 4,400. An buɗe shi ranar 29 ga Mayu 2015 da wasan sada zumunta da wata tawagar Benfica, kuma da gangan aka zaɓi ranar don a irin ta ne a 1968 Man United ta doke Benfica ta ɗauki kofin Turai na farko. Amma samun gida bai kawo kwanciyar hankali nan take ba, a 2016 rikici ya ɓarke tsakanin membobi da shugabanni kan yadda ake tafiyar da kulob da kuɗinsa, babban manaja Andy Walsh ya sauka, da yawa daga cikin shugabannin suka ajiye muƙami aka zaɓi sababbi. Marginson da ya riƙe su shekara 12 ya tafi a Oktoba 2017.

Da wannan a ranka sai ka karanta sakamakon shekarun baya bayan nan. A hawa na 6 sun yi kaka huɗu, ukun farko suna tsakiya zuwa ƙasan teburi, ta huɗu 2018-19 suka ƙare na 21 cikin 22 suka faɗo. A can sun haɗu da kulob masu kuɗi irin Salford City, maƙwabtansu da su Gary Neville da Phil Neville da Giggs da Scholes da Butt suka saya a 2014, waɗanda daga 2017 'yan wasansu ba su da wani aiki sai ƙwallo, ga kuma nauyin fili a wuyan FC United. Neil Reynolds da ya karɓi aikin koci a Oktoba 2018 ya sake gina tawagar, a 2019-20 suna na biyu bayan South Shields sai korona ta zo aka soke kakar kamar ba a buga ba, ta 2020-21 ma ba a ƙarasa ta ba. Don haka in ka ga gurbi biyu babu matsayi a jerinka ba kuskure ba ne, kuma a ganina wannan sokewar ta cuce su fiye da yadda ake faɗa don lokacin ne tawagar ta fi haɗuwa. Tun daga nan har zuwa ƙarshen kakar 2024-25 ba su sake haurawa ba, 'yan kallo sun sauko ƙasa da 2,000 amma duk da haka suna cikin masu tara jama'a a rukunin, Reynolds ya tafi a 2024 Mark Beesley ya karɓa. Wani abin farin ciki shi ne Fenix Trophy, gasar ƙananan kulob na ƙasashen Turai, su suka ɗauki ta farko a 2022 a garin Rimini na Italiya bayan doke Prague Raptors 2-0, suka sake ɗauka a 2024. Ba za ka gan ta a teburin lig ba sai ka neme ta daban.

Bin su sati sati kuma ba wuya. Wasan Asabar ƙarfe 3 na rana ne agogon Ingila, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai yake da ƙarfe 3 a Najeriya da Nijar, sauran watannin kuma ya zama ƙarfe 4 a wurinmu, 'yan uwa na Ghana ku rage awa ɗaya daga namu. Na daren Talata 7:45 ne ko 8:45 a lokacin sanyinsu. Kar ka wahalar da mai gidan kallo ba zai samo maka tashar ba, abin da za ka yi shi ne ka kunna FCUM Radio a intanet, magoya baya ne 'yan sa kai suke sharhin wasan kai tsaye, sun san kowane ɗan wasa da inda yake aiki da wanda ya ji ciwo, da ɗan gari akan ci gari, kuma murya ba ta cin data kamar bidiyo. Kwana ɗaya ko biyu bayan wasa sai ka leƙa YouTube ɗin kulob ɗin ka ga ƙwallayen. In sakamako kawai kake so Flashscore da Football Web Pages suna kawo Northern Premier League, ka sa wa kulob ɗin tauraro wayarka ta riƙa sanar da kai.

In ka zo teburin, wanda na ce shi ne na ƙarshe, kar idonka ya fara sauka a kan maki, fara duba yawan wasan da kowa ya buga. Daga Disamba zuwa Fabrairu ana yawan ɗage wasa saboda fili ya cika da ruwa ko ya daskare, in ka ga an rubuta P-P a wurin sakamako ɗagewa ke nan, don haka sai ka tarar wani kulob yana da kwantan wasa huɗu ko biyar, na 10 yana iya fin na 6 kyakkyawan matsayi. Amma kwantai ba maki ba ne, don a Maris da Afrilu za a jibga musu su Asabar Talata Asabar wani lokacin har da Alhamis, ga mutanen da suke zuwa aiki da safe. Sannan ka riƙa duba sunayen 'yan wasa 11 na kowane sati, a wannan hawan da yawa ba su da kwantiragi mai ɗaure su, wani kulob yana iya ba da sanarwar kwana 7 ya zo ya yi magana da ɗan wasanka ya ɗauke shi a tsakiyar kaka, wasu kuma yara ne da aka karɓo aro na wata ɗaya daga manyan kulob su koma. In tawagar da ta ci wasa biyar a jere a Satumba ta fara zubar da maki a Nuwamba, sau da yawa za ka tarar mai ci musu ƙwallo ne wani ya ɗauke.

Wanda abin ya shiga ransa sosai yana iya zama memba ko daga ina yake, ana biyan kuɗin shekara ta shafin kulob ɗin da katin da yake aiki a waje, ka duba farashin a can don yana canjawa. Memba yana samun takardun babban taro da bayanin kuɗin shiga da na fita na shekara, a nan ne za ka ga nawa aka ware wa 'yan wasa nawa kuma ya tafi wurin fili da biyan rance, ka ajiye wannan kusa da jerin kaka kakan da ka rubuta ka duba su tare kafin a fara sabuwar kaka a watan Agusta.